Tantin Malam Idi Mai Ƙyalle Huɗu

Shekara tara ke nan da aka kai Malam Idi Masaƙa makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, cikin jar ƙasar da ba ta san kakanninsa ba. Ni ce matarsa, Talatu. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai waya ta dame ni, kowa da irin yabonsa: mutumin kirki ne, mai son yara ne, ba za a sake irinsa ba. Ina cewa amin, ina godiya, amma gaskiya na gaji. Yabo ba shi da nauyi, shi ya sa kowa ke iya ɗaukarsa. Abin da Malam ya bari mai nauyi tanti ne, baƙi, mai ƙyalle huɗu, kuma shekarun nan tara na ƙarar da su ne wajen neman ya sake tsayuwa a hannun yara tun ina da sauran numfashi. Labarinsa zan ba ku. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Sai na fara da Jamus, don can abin ya samo asali. Malam ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna tun yana saurayi. Ina goyon ɗanmu Kabiru aka tura Malam Jamus koyon gyaran injinan saƙa, aka sauke shi a gidan wani tsohon Bajamushe da ke zaune shi kaɗai. Tsohon ba mai magana ba ne, Jamusancin Malam kuma na sayen burodi ne kawai. Amma duk Lahadi tsohon zai ɗauki sanda ya nuna masa ƙofa, su shiga daji su yi ta tafiya har ƙafa ta yi tsami, ba su sayi komai ba, ba su gai da kowa ba. Malam ya ce da fari ya ɗauka tsohon ya taɓu. A wajenmu ai wanda ya shiga daji ba gatari ba gora, ko dai mahaukaci ne ko yana da abin ɓoyewa. Sai da harshe ya ɗan sake, rannan tsohon ya jawo wani baƙin ƙyalle mai kauri daga ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa a tsakar ɗaki, ya ba shi tarihi.

Ga yadda Malam ya kawo mini shi, ya kuma maimaita har na haddace. Tun kafin yaƙin duniya na farko, 'yan makarantar Jamus suka gaji da zaman aji da tsawar iyaye da hayaƙin birni, suka fara haɗa kansu suna fita yawon ƙasa a ƙafa. Tukunya ɗaya, bargo, ɗan abin kiɗa. Su kwana a rumbun ciyawar manoma, su koyi waƙoƙin ƙauye. Jagoransu yaro ne ɗan'uwansu da ya girme su kaɗan. Ana cikin haka sai harkar sikawut ta shigo daga Ingila, waɗanda suka tarbe ta kuwa hafsoshin soja ne. Su ma suka tara yara, amma da yunifom da fareti da usur. Aka wayi gari da yara iri biyu a daji ɗaya, masu tafiya don kansu da masu tafiya don an hura musu usur. Yaƙi ya zo ya kwashi waɗannan ya kwashi waɗancan, bai tambayi kowa ƙungiyarsa ba. Waɗanda suka tsira da yawansu suka dawo da ƙyamar fareti. Aka gauraya, aka kuma rarrabu gida-gida, kowace ƙungiya da tutarta, kowace tana ganin ita ce ta ainihi. A nan ne tsohon ya shiga yana yaro, kuma a zamaninsu aka ƙirƙiro baƙin tantin nan, kwaikwayon na makiyayan can ƙuryar arewa mai ƙanƙara.

Ƙyalle huɗu ne, kowane yaro ya ɗauki ɗaya a jakarsa. Ba a zuwa da sanda, a daji ake samo ta. In aka haɗa huɗun aka ɗaure sai ya tashi kamar bukka mai tsini, da kafa a sama don hayaƙi, a hura wuta a tsakiya a kewaye ta. Ƙyalle ɗaya yana iya rufe mutum ɗaya a kwance in ruwa ya ritsa da shi, amma ba ya ɗaukar wuta. Wuta sai an cika huɗu. In yaro ɗaya ya yi fushi ya zauna gida, ranar kowa zai sha sanyi, don haka dole a je a ba shi haƙuri.

Daga baya gwamnatin kama-karyar nan da duniya ta sani ta hau mulki, ta ce ƙungiyar yara ɗaya ce a ƙasa, tata. Aka rushe sauran, har mallakar irin wannan tanti ta zama abin da ke jawo wa mutum 'yan sanda. Tsohon ya ɓoye nasa ƙyallen. Sauran ukun bai sake ganinsu ba, su da masu su. Malam ya tausaya masa ya ce ai an zalunce ku. Tsohon ya girgiza kai ya ce ba duka ba, da yawanmu ba jan su aka yi ba, da gudu suka tafi, don an ba su sabon takalmi da ganga an ce musu su ne manyan gobe. Ya ce da Malam, duk ranar da ka ga manya sun tashi haiƙan suna ɗinka wa yara riga iri ɗaya, to ka duba me suke so a yi musu.

Ni ba na karɓar magana don miji ne ya faɗa. Sanda yake ba ni wannan labari ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na haura arba'in na zauna ajin yaƙi da jahilci, da muka zo ƙasar nan kuma na sake komawa aji da furfurata don Turanci. Gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Da idona ya buɗe na je laburare na nemo littattafai na duba. Tsohon bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsallake wani wuri. Hafsoshin da suka kawo wa Jamus sikawut a Afirka suka yi soja, can kudu, a zamanin da sojan Jamus ke kora baƙar fata cikin hamada su mutu da ƙishirwa. Na kawo wa Malam wannan na ajiye masa a gaban tuwo, na ce to ga malaman sikawut ɗin naka, a kan irinmu suka gwada hannu. Ya ce, "Ai kin ga dalilin da ya sa ban ɗauko usur ɗinsu ba, Talatu. Tantin kawai na ɗauko." Na ce, "Kai dai Malam ka iya kare kanka."

Masaƙun Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kabiru ya riga mu zuwa Amurka, ya ce mu taho. Malam ya zaɓi Greensboro don ya ji garin saƙa ne, muka iso muka tarar masaƙun nan ma suna rufewa, kamar mutuwar masaƙa ke bin sa a baya. Mai gyaran inji ya ƙare da ɗaga kwali a wani sito a titin Wendover. A nan ya sa ido kan 'ya'yan Hausawanmu: daga bene sai mota, daga mota sai makaranta, sai Islamiyya, sai gaban talabijin. Ka yi wa yaro Hausa ya mayar maka da Turanci, ka miƙa masa ashana ya tsaya yana juya ta. Malam ya sayo baƙin yadi mai kauri, ya hau keken ɗinkina, ya karya mini allura ba adadi, ya fitar da ƙyalle huɗu.

Bai yi rajista da kowa ba, bai ɗinka riga ba. Iyaye sun ba shi yaransu ne don sun yarda da shi. Wata Asabar maza, wata Asabar mata, ranar mata kuma da ni ake zuwa. Dokarsa ɗaya ce: babba yana baya, nesa da inda za a ji muryarsa, kusa da inda zai ji ihu. Haka zai zauna kan kututture da carbinsa. Ranar farko da 'yan matan suka tuƙa tuwo na hango gudaji tun daga nesa, na miƙe zan je in karɓi muciyar. Ya ce, "Zauna. Gudajin nasu ne." Na zauna ina huci. Wani wayonsa kuma, mutanenmu na Najeriya da na Nijar kowa da ƙungiyarsa, gaisuwa ma wani lokaci da ƙyar. Sai ya raba ƙyallayen a tsakanin gidajen da ba sa shiri, ya ce kowace yarinya ta tafi gida da nata. Dole uwar wannan ta kira uwar waccan ranar Juma'a. Wadda ta fara tsai da tantin ba tare da ya faɗi ba Hadiza ce, 'yar mutanen Damagaram, mai taurin kai irin nawa.

Da ciwo ya kwantar da shi yaran suka dawo da ƙyallayen, kowane a jakarsa, aka jera a gareji. Bai tashi ba. Na shiga takaba. Kabiru ya zo daga wata jiha da hutun da bai taka kara ya karya ba, maza suka taru su kwashe garejin a ba da kayan mamaci sadaka, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya tambaye ni, don ba a damun mai takaba da zancen tarkace. Kabiru ya girma kafin a fara fita dajin, sauran kuwa dokar Malam ce da kanta ta hana su taɓa ganin tantin a tsaye. Abin da suka gani tamfol huɗu ne masu kyau. Aka kai ɗaya masallaci. Aka ba Alhaji Mamman na Summerfield, can gefen gari, ɗaya, shi ne shugaban ƙungiyarmu. Wani bawan Allah da ke shirin aika kaya Maraɗi ya samu ɗaya ya naɗe kayansa. Na huɗun aka bar mini in rufe injin yankan ciyawa. Aka shafa fatiha, kowa ya tafi yana ganin ya nema wa Malam lada. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a garejinmu ya zama. Ban ce mugunta ce ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da na fita takaba na fara bi. Na masallaci ban sha wahala ba, na tarar ana shimfiɗa shi ƙarƙashin tukwanen buɗa-baki, na roƙa aka ba ni. Na Maraɗi na yi ta waya har mutumin ya daina ɗauka. Kafin nan dai ya gaya mini ƙanwarsa na inuwa da shi a wajen suyar waina, ya ƙara da cewa, "Hajiya, ai sadaka ba ta komawa gida." Na bar shi da Allah.

Na Alhaji Mamman shi ya ci mini shekaru. Alhaji ya kafa kwamiti don raya aikin Malam. Aka ɗinka wa yara korayen riguna da sunan Malam a baya. Duk shekara a taru a filin gidan Alhaji, a jera kujeru, manya su yi jawabi, yara su yi layi a ɗauki hoto, a ɗauko mai gashi ya gasa nama. Ƙyallen Malam kuwa shi ne murfin abin gashin. In na tambaya sai ya ce ai abin tunawa ne, albarkar Malam yake nema. Na yi ta haƙuri don matarsa ƙawata ce. Shekara biyu da suka wuce, ana tsakiyar jawabi, na hango ƙyallen an yaye an jefa kan shinge. Na tashi na je na ɗauka na ninke.

"Hajiya, lafiya? Ina za ki da shi?"

"Inda mai shi ya ce, Alhaji."

"Haba Hajiya, a gaban baƙi? Ki bari gobe in sayo miki na kanti, wanda da an jefa shi ƙasa yake tashi da kansa."

"Ai ciwon da ke damunsa ke nan. Ka saya wa kanka, ka shiga kai kaɗai."

Matarsa ta cusa baki cikin mayafi tana dariya. Ƙyallen na ta ƙaurin kitse, ga ƙuna a gefe mai faɗin faifai. Na wanke, na yi masa faci.

Uku suka haɗu a kan kabad ɗina, sai kuma na rasa wanda zan ba. Yaran Malam sun girma, wannan na tuƙa babbar mota, waccan ta yi aure a wata jiha. Na bi gida-gida ina neman ƙannensu. Kowace uwa ta ce, "In sha Allahu, Mama," ni kuma na san fassarar wannan. Wasu suka fito mini fili. Suka ce baƙin yaro da gatari a hannu kusa da gonar Bature, waya ɗaya maƙwabci zai buga, wa zai tsaya jin bayani? Suka ce ina inshora, ina takardar izini, in yaro ya ƙone wa za a kama? Ba zan kira wannan tsoro na banza ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni ma na haifa. Amma na gaji. Na gaji da hawa benen mutane, na gaji da shan lemon da ake ba ni don in yi shiru.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Wayoyin da ke hannun yara ba na jin za su dame shi, shi mai son inji ne. Korayen rigunan ne za su ɓata masa rai. Ban ce Alhaji Mamman hafsan Jamus ba ne, astagfirullah, babban laifinsa son makirufo. Amma ƙaiƙayin iri ɗaya ne, babba ba ya iya ganin yara sun taru bai je ya tsaya a gabansu ba. Muna da karin maganar da muke kare kanmu da ita, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. To amma in ba a taɓa barinsa ya hau rimin ba, ran da ya zama babba me zai hango?

Bana da bazara Hadiza ta zo mini. Nas ce yanzu, da kayan asibitin ma ta shigo. Ta ce ƙanwarta Zainabu da ƙawayenta ke son aron ƙyallayen. Na tashi nan take. Na sauko da su, na zaunar da ita na yi ta bayani: yadda ake ɗauri, irin sandar da ake zaɓa, inda ake juya ƙofa. Na ce ranar Asabar ta biyo ta ɗauke ni da sassafe. Ta ce, "To, Mama." Na yi dambun nama cike da kwano, na nemo takalmin roba, na zauna a falo da mayafina. Har aka kira azahar ba kowa. Na buga waya ba a ɗauka ba.

Washegari sai ga Hadiza.

"Mantawa kuka yi da ni, ko kun ɗauka na bi Malam?"

"Ba mu manta ba, Mama. Zainabu ce ta ce kada a ɗauko ki."

"Zainabun da na yi wa wanka ran da aka haife ta?"

"Ita. Ta ce in kika je ke za ki kafa shi, su kuma su tsaya kallo. Ni ma a mota suka bar ni, bakin hanya, kamar direba."

"To da ƙyalle uku uban me suka kafa?"

"Sun ɗinka na huɗu. Tsofaffin wandunan jins suka yayyanka suka haɗa. Ya karkace, Mama, har faɗuwa ya yi musu a ka. Hayaƙi ya kore su waje suna tari, shinkafar kuma ta ƙone." Tana faɗa tana dariya har da hawaye.

Ni ban yi dariya ba. Na ce ina hoto. Ta ce ba su bari ta matso ba balle hoto. Na ce to a dawo mini da kayana. Ta sunkuyar da kai ta ce kowace yarinya ta tafi gida da nata, mai facin ma jikar Alhaji Mamman ce ta ɗauka. Wato ya koma Summerfield da ƙafarsa.

Har yau ban gama hucewa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na huce ba. Shekara tara ina fafutuka, na ɓata da mutane, an kira ni masifaffiya, ranar da abin ya tsaya kuma ba a ga ya dace in gani ba. Ban san ko zai ɗore ba. Gobe wata za ta tafi jami'a da ƙyallenta a manta shi a ƙasan akwati, ko wata uwa ta tsorata ta hana. Na Jamusawan ma, da duk yawansu da waƙoƙinsu, ba su daɗe ba aka haɗiye su. In na auna abin da ya saura na Malam, ba shi da yawa. Injinan da ya iya gyarawa an sayar da su a ƙarfe. Sunansa a bayan riga zai koɗe da wanki. Abin da na iya samu shi ne 'yan mata huɗu da ba su ma san fuskarsa sosai ba, waɗanda suka dubi tsohuwar da ta fi kowa faɗa a garin nan suka ce ta zauna gida, suka je suka ƙona shinkafarsu da hannunsu. Ko wannan ya isa a kira shi gado, ku masu karatu ku yanke. Ni dai na san da yana nan da murmushi zai yi, kuma da na ƙara jin haushi.

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya huta fiye da yadda ya bar ni na huta. Tsohon Bajamushen nan kuma Ubangijin da Ya halicce shi Ya fi ni sanin lamarinsa.

An ce Asabar mai zuwa za su sake fita. Ba a gaya mini inda za su ba, ni kuma ban tambaya ba.